Inna Ajuma da Itatuwan Bakin Hanyarmu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin Talata, 15 ga Afrilu 2025, maƙwabciyarmu Inna Ajuma ta riga mu gidan gaskiya a nan Gaya, bakin iyakar Benin, bayan gajeruwar jinya. Mun kai ta makwanci da azahar, rana tana ƙuna.

Inna, wanda ya san layinmu kafin ki sa masa hannu ya san fili ne fetal, ba komai sai bola da baƙin man manyan motocin da ke jiran duwan, wato kwastan. Ke kika dasa dogon yaro da zogale a bakin hanya, kika kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Mutane suka ce ina za ki samo musu ruwa. Sai kika ajiye dutsen zama da buta a gindin kowane dashe. Direba ya sauko zai yi alwala, ki ce masa, "Ɗana, ga wuri can, kada ruwan nan ya tafi a banza." Wanda ya kuskura ya tsuguna a bakin kwata kuwa, ya sha faɗa ko da ya yi furfura. Da ruwan alwalar baƙi itatuwan nan suka girma, har matan unguwa suka yi sha'awa suka buɗe garkar rama da yakuwa a bayansu. Ban taɓa ganin kin hana kowa tsinkar zogale ba, sai mai karya reshe.

Da aka rufe gadar kogin da ke kan iyaka, motoci suka ɗauke ƙafa, duwatsun suka zauna babu kowa. Manyan itatuwa sun kama ƙasa, amma ƙananan mangwaron da kika dasa daga baya ba su yi saiwa ba. Kika koma ɗauko musu ruwa da kanki a bido, wato jarka, ga tsufa ga ciwon gwiwa. 'Yarki Safiya ta yi magana har ta gaji.

Ni tela ne, shagona yana kallon su. Har yau idan na sunkuya a kan keke sai in ji jan takalminki da motsin ruwa a cikin bido. In janye bencina don ki wuce, in ɗaga kai, babu kowa. Tsoro nake ji, Inna, kuma kewa ta fi tsoron yawa. Ganyen mangwaron ya fara naɗewa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Yazidu ya zo, ɗaya daga cikin direbobin da kika saba da su. Ta kwalekwale ya ƙetaro kogin, rungume da dashen lemun da kika ce ya kawo miki daga Benin. Bai ji labari ba. Ya tsaya a ƙofar gidanki yana murna, yana kira, "Inna Ajuma, fito ga saƙonki!"

Safiya ta fito. Da hannu ta nuna masa ramin da kika haƙa wa lemun kafin ki kwanta, takinsa a gefe. Tun da muka dawo daga maƙabarta babu wanda ya iya duban ramin nan. Yazidu ya durƙusa ya dasa, hawaye na bin gemunsa. Da ya gama ya ce, "Ni gobe zan koma. Wa zai riƙa ba shi ruwa?" Muna tsaye da yawa, kuma dukanmu ƙofarki muka waiwaya.

Yanzu ni da Safiya muke ban ruwan, amma layin dogo ne, ba mu kuma san yadda kika iya ke kaɗai ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Safiya da 'yan uwanta, da matan garka, da direbobin da labari bai kai musu ba tukuna. Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yafe kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya mana hanya. Ya ba mu haƙuri, Ya kuma kawo damina da wuri, kafin ƙananan nan su bi ki.