Buhun Gwaggo Asabe

Duk wanda ya taɓa shan lemo kusa da Gwaggo Asabe ya san kafin ya kai kwalba baki, murfin ya shige jakarta. Ranar bikina ma, ana ta neman gwaggon amarya ta zo ta yi min nasiha, ashe baiwar Allah tana ƙarƙashin kujeru tana tsince-tsince.

Da murafen nan take koya wa 'yan aji uku lissafi a firamarenmu ta Tudun Wada. Tarawa, ɗebewa, rabawa, duk a ƙasa, kowa da tsibinsa. Kullum maganarta ɗaya: abin da hannu bai taɓa ba, kai ba ya riƙe shi.

Ga maƙo kuma, sai dai a yi shiru. Burodi guda ta saya don koyar da rabi da kwata, ta yi ta nuna shi har ya bushe ƙamas. Wani yaro ya gaji, ya tambaye ta yaushe za a ci.

"Ranar da ka gane kwata," in ji ta. "Kai ne ka busar da shi."

Sai aka kawo sabon hedimasta. Ya ce manhaja ba ta san murfi ba, allo da alli kawai, ya sa aka zubar da buhun murafenta a bola. Wahalar shekara da shekaru! Gwaggo ta koma ajinta. Ta dai gaya wa yara gobe ba lissafi, tunda an kwashe mata kayan aiki, ita kuma ba ta koyarwa da iska.

Wallahi gari na wayewa, sai ga iyaye. Tsofaffin ɗalibanta ne, masu shago daga Kwangila, telolin Gyallesu, har da wata malama daga unguwar Kongo, kowa da ledarsa ta murafe. Da suka tarar ajin a rufe, suka jibge su a ƙofar ofis. Da ƙyar hedimasta ya samu hanyar fita.

Gwaggo ta dube shi. "Ranka ya daɗe, a zubar, ko a ƙirga?"

Shi da kansa ya riƙe mata bakin sabon buhu.

Ranar sadakar ukun rasuwar Gwaggo, bayan mutane sun watse, na ɗauki tsintsiya. Ga kwalabe nan birjik, amma ko murfi ɗaya ban samu a ƙasa ba. An tara su tsibi guda a bakin ƙofar ɗakinta. A nan na zauna na yi kukan da na riƙe.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya sauƙaƙa mata hisabi kamar yadda ta sauƙaƙa mana lissafi. Amin.