Irin Duman Inna

A buhu biyu ƙanena ya kawo mini su, ɗaure a bayan babur, yana washe baki kamar wanda ya yi abin a yaba masa. Kafin in faɗi abin da na yi masa, bari in faɗi abin da ke cikin buhunan, kada a ce faɗa ne kawai irin nawa. Ina da faɗa, ban musa ba, amma ranar da dalilina.

Zanen ƙwarya na gada wurin Inna, a ƙauyenmu da ke gefen Zugu. Ba zanen kaɗai na gada ba, har da irin duman. Duman Inna kauri gare shi, bayansa sumul, ki ɗora masa wuƙa jajir daga wuta ba zai tsage ba, sai dai ya karɓi zanen baƙi wuluk. Matan Fulani masu nono ba sa ma tambaya, ƙwanƙwasawa suke da yatsa su gane ƙwaryar gidanmu ce. Inna ba ta shuka shi kusa da duman ludayi ko na gora, don kada iri ya gauraya. In ya fara 'ya'ya, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta zaunar da kowanne a kan gammon ciyawa, ya girma zagaye ba kwance ba. Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita: ba a yanke duma sai yaɗonsa ya bushe ƙayau. Wanda aka yanke ɗanye ba ƙwarya zai yi ba, ba iri.

Bayan rasuwarta 'yan bindiga suka matsa mana, muka kwaso yara muka dawo Gummi, ɗakin haya mai tsakar gida na siminti. Na bar tukwanena da gadona, amma na ɗauko ɗan goran da Inna ke ajiye iri cikin toka. Damina biyu ban sami inda zan shuka ba. Da na zazzage goran, ƙwari sun gama da yawancinsu. Ƙwaya goma sha ɗaya na tsince masu rai.

Ƙanena bai daina komawa gonarmu da damina ba, yana yi yana waiwaye. Na bi shi farkon ruwa, na zaɓi gefen gona wajen tsohuwar darni, na shuka su duka. Na san Inna ba ta taɓa juye irinta kaf a ƙasa ba, kullum tana rage na baya. Amma irin ya tsufa, in ya ƙara shekara ba lallai ya tsiro ba. Bakwai suka fito. Sau huɗu ina hawa babur zuwa gonar nan, gabana na faɗuwa duk kwanar da muka sha, don kawai in zaunar da 'ya'yan duma. Zuwan ƙarshe na ja kunnensa na ce kome zai faru kada ya taɓa su sai na zo.

To, sai ga shi da buhu biyu. Na kwance bakin ɗaya, na ga duma kore shar, ruwa na tsatsa inda wuƙa ta bi.

Na ce, "Wa yac ce ka yanke su?"

Ya ce, "Yaya, an ga babura cikin daji. Kowa na kwasar abin da yas samu. Ni ko geron ban ida ba, naki nih hwara ɗaukowa."

Na ce, "Ɗanyu na! Ba ka da ido? Cikin ƙwaryar Inna kac ci tuwo har kay yi gemu, ba ka san sa'ad da aka yankan duma ba?"

Na faɗa masa maganganu da yawa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya sha ruwa a tsaye, ya ja babur ɗinsa ya fita.

Na yi duk dabarar da na sani. Na jera su a inuwa, ina juya su safe da yamma, ina shafa musu toka a wurin yankan. Kwana goma suka fara baƙi, suna lotsawa kamar an zauna musu. Ban damu da ƙwaryar ba, shekara guda ba zane ba mutuwa ba ce. Irin nake nema. Na fafe su ɗaya bayan ɗaya, ina tona ruɓaɓɓiyar totuwar da hannu, wari ya cika gidan har mai gidan hayar ta yi magana. Ƙwayoyin irin farare ne fat, shafe-shafe. Na zuba su a kwanon ruwa ko Allah zai sa wani ya nutse, don mai nutsewa shi ne mai ciki. Duk suka taso sama, holoƙo ne.

A haka ƙanena ya same ni, zaune gaban kwanon. Ya tsuguna ya leƙa ciki. Sannan ya ce, a hankali, akwai guda da ya bari. Wani karkatacce ne da ya shige ƙarƙashin darni, ya ga ba zai yi ƙwarya ba, bai wahalar da kansa ba. Yana nan jikin yaɗonsa.

Na lissafa kwanakin a raina. Ya ƙosa ke nan. Karkacewa ba ta hana iri kyau, cikinsa kaɗai ya isa ya cika mini gona. Ya ga fuskata ta sauya, sai ya miƙe ya zaro makullin babur daga aljihu.

Ya ce, "In nit tahi yanzu, kahin la'asar ina nan."

Duk Gummi an san ba mai bin hanyar nan a kwanakin. Waɗanda suka koma kwasar dawa makon da ya wuce ba duka suka dawo ba. Ni ma na sani sarai. Amma ban ce masa komai ba. Ya taka har bakin ƙofa, ya ɗaga labulen buhu, ina zaune ina kallon bayansa, zuciyata na cewa ai tafiyar wuni ɗaya ce. Sai da ya tura babur ɗin waje na zabura, na fizge makullin na cusa a lalitata, na ce ya shigo ya zauna ko in ci mutuncinsa gaban jama'a. Ya shigo ya zauna.

Na daina jin haushinsa tuntuni, shi abin da ya ga daidai ya yi. Masu bindigar ne ban yafe wa ba. Sun kore mu daga gida, sun raba ni da irin uwata, duk na haɗiye na bar su da Allah. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne sun sa na auna ɗan'uwana da ƙwayar duma, kuma sai da ya kai bakin ƙofa kafin in gama aunawa.