Langar da Na Mayar Wayam

Sanyin Yerwa ba ya sallama. Yau ka kwanta kana fifita, gobe ka tashi ruwan randa ya gagari hannu. A gidanmu na Hausari, da zarar ya sauka, Kaka takan sa a fito mata da tsohon kaskonta, a cika shi da garwashi bayan sallar isha'i, a ajiye a ƙofar ɗakinta. Mu jikoki mu zagaye shi, kowa ya ƙudundune cikin zanen uwarsa, ana ta ture-ture a kan wa ya tare wa wani wuta. Kaka mahaifiyar Babanmu ce, Bakanuwa ce da ta biyo ɗanta lokacin da ya kawo kekensa na ɗinki Yerwa, wato Maiduguri. Duk daɗewarta a garin, Barbarcinta bai wuce "wushe" ba, shi ma in ta faɗa sai matan unguwa sun yi dariya.

Ba ta taɓa yi mana tatsuniya hannunta sake ba. Kullum da auduga a hagunta, mazari na juyawa a damanta, tana dangwalo alli tana murza zare, bakinta kuma yana nasa aikin. In za ta fara sai ta ce, "Ku gyara zama, wata ta yi sallama." Mu haɗa baki mu ce ta shigo. Ni ce babba a cikin jikoki mata, shekarata tara a lokacin, kuma ni ce 'yar gaban goshinta. Ƙawata take kirana, ni kuwa in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe.

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Maman Ngozi. 'Yar kudu ce, Kirista, mijinta yana da kantin kwanuka a kasuwa, 'yarta Ngozi kuma ajinmu ɗaya a makaranta. Matar nan hannunta ya iya abu. In Kirsimeti ta matso, gidansu ba a zama: ga labule ana ɗinkawa, ga rigunan sanyi na ulu ja da kore tana saƙa wa yaranta da allura biyu, idonta ma ba ya kan saƙar. Sannan ga kek. Takan zuba yashi a gindin tukunyar ƙarfe, ta jera gwangwanaye cike da kwaɓi a kai, ta rufe, ta ɗora garwashi a kan murfin. Ƙamshin yakan tsallako katanga ya hana mu cin tuwo da daɗin rai.

Abin da ya haɗa ta da Kaka har yau ban sani ba. Hausar Maman Ngozi ta kasuwa ce, mace ta ce mata "kai", namiji ta ce masa "ke", amma sai su yini a tabarma ɗaya suna hira suna ƙyaƙyata dariya. Da layya Kaka takan aika mata cinya da alkaki, da Kirsimeti ita kuma ta aiko da kek a wata farar langa mai shuɗin baki. Kaka ce ma ta koya mata al'adar garin. A gabana ta ce mata, "Maman Ngozi, a nan ba a mayar da kwano wayam. Ko ƙwayar gyaɗa ce a sa. In kin ga an mayar miki da kwano fanko, to an ce miki kada ki sake aikowa." Akwai gidajen da suke yi mata hakan, don ba sa cin abincin Kirsimeti, kuma ta san su ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar da nake ba da labari, Maman Ngozi ta haifi namiji da damina ta ɗauke, aka sa masa Emeka. Sai Kaka ta ƙudura a ranta za ta saƙa wa jaririn hula da hannunta, ita ce za ta zama tukuicin kek ɗin bana. Ba ta taɓa saƙa da allura ba, kallo kawai take yi in Maman Ngozi na yi. Ta sa Baba ya fiƙe mata ƙarafan ƙafar keke guda biyu. Ta ƙi ulun kanti, ta ce audugar Konduga za ta kaɗa da kanta, ta fi laushi a kan jariri. Ta kai zaren marina aka rina mata shuɗi. Idonta a lokacin ya soma yana, da lalube take aikin. Fiye da wata guda tana fama, ta saƙa ta warware, ta sake saƙawa, in ta ji sallamar Maman Ngozi ta tura shi ƙarƙashin cinya.

Hular dai ta fito, amma Allah ya sani ba ta yi kyau ba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga ramuka inda zare ya suɓuce mata, rinin ma bai kama daidai ba. Washegarin Kirsimeti Kaka ta wanke langar, ta naɗe hular a tsumma mai tsabta, ta sa a ciki ta rufe.

"Ƙawata, kai wa Maman Ngozi. Ki ce in ji ni, a rufe wa angona kai, sanyin bana ba wasa."

Na fito zaure na buɗe langar na sake duba hular. Sai na tuno rigar sanyin Ngozi, layi-layi kamar daga kanti, na tuno yadda take da baki a aji. Na ji kamar ina jin ta tana gaya wa yara cewa kakar Hajara ta saƙa wa ƙanenta tsumman goge tukunya. Kunya ta rufe ni, kunyar Kakata da hannunta. Akwai wata tsaga a katanga bayan turken awakinmu. Na cusa hular a ciki, na toshe da marmara, na ɗauki langar na tafi.

Na tarar da Maman Ngozi tana ba Emeka nono. Ta karɓi langar da fara'arta, ta buɗe murfin. Na ga fara'ar ta tsaya. Ta leƙa ciki, ta dube ni, ta mayar da murfin a hankali.

"Kaka ne ya ce ka kawo haka?"

Na ce e.

"To. Ka gaishe shi."

Da na koma Kaka ta tare ni tun daga tsakar gida, tana tambaya me ta ce. Na ce ta ce ta gode ƙwarai. Tsohuwar nan ta yi ta murmushi har yamma.

Daga ranar ƙafar Maman Ngozi ta ɗauke daga gidanmu. In sun haɗu a ƙofa ta gaisa a tsaye ta wuce, Emeka a bayanta da jar hular ulu. Kaka ta ga jar hular, ko da dishi-dishi. Mai kyauta ba ya bin sawun kyautarsa, wanda aka mayar wa kwano wayam shi ma ba ya zuwa neman dalili. Kowaccensu ta haɗiye nata, ni kuwa ina tsakiya, na san komai, ina cin tuwona.

Bayan kamar kwana goma, muna zagaye da kasko, Kaka ta ce wata ta yi sallama. Ran nan babu mazari a hannunta.

Ta ce wasu tsofaffi ne mata biyu, aminan juna, kogi ya raba gidajensu, ƙafa kuma ta gaza, ba mai iya tsallakawa. Sai suka ɗauki balbela ta riƙa kai musu saƙo. Ta gabas ta aika da nono a sabuwar ƙwarya mai zane. Ta yamma ba ta da komai sai wata tsohuwar ƙwarya da ta fashe ta ɗinke da hannunta, ta cika ta da gero, ta ba balbela. Balbela ta tashi, tana tsakiyar kogi ta dubi farar rigarta, ta dubi ɗinkakkiyar ƙwarya, ta ce ina, ba za a gan ni da wannan ba. Ta sake ta ta faɗa ruwa. Ta gabas ta ce an raina ta, ta yamma ta ce an raina kyautarta, hayaƙin gidajensu yana ganin juna amma ba mai aika gaisuwa. Shi ya sa har yau, in ji Kaka, za ku ga balbela tana bin bakin ruwa kanta a sunkuye, ƙwaryar take nema.

Ƙanena Sabo, wanda ba a gama tatsuniya bai yi tambaya ba, ya ce, "Kaka, to in ta samo ƙwaryar fa?"

"Ƙwarya ta daɗe da ruɓewa, ɗan nan. Ba ita ake jira ba. Jira ake ta buɗe baki ta faɗi abin da ta yi." Ta tura toka a kan garwashin ta ce, "Iyakarta ke nan, kowa ya nemi tabarmarsa."

Yara suka watse. Na yunƙura zan bi su, ta riƙo gefen zanena. Ta ciro wani abu daga ƙarƙashin cinyarta ta ɗora mini a hannu. Hular ce, akuya ta zaƙulo ta, gara ta cinye rabinta.

"Idona ya tafi, amma hannuna ya san zarensa," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ban gaya wa ubanki ba, ba kuma zan gaya masa ba. Ba zan je in ce wa baƙuwa jikata maƙaryaciya ce ba. Ke kika kai langar, ke za ki kai maganar. Katanga ɗaya ce, ƙawata."

Na yi kuka, na rantse mata gobe da sassafe zan je. Gobe ta yi na ce sai an taso daga makaranta. Aka taso na ga Ngozi a ƙofar gida, na wuce. Sau uku ina zuwa har zaurensu ina juyowa. Kullum maganar sai ƙara nauyi take yi, har na soma gaya wa kaina ai an manta. Kaka ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ci gaba da kirana ƙawata, ta ci gaba da ajiye mini ƙanzon tuwo, wannan kuwa ya fi mini duka ciwo. Da layya ta aika da cinya da alkaki ta hannun Sabo, kwanon ya dawo da sabulu a ciki, amma Maman Ngozi ba ta biyo shi ba.

Kafin wani sanyin ya zagayo, gari ya rikice, 'yan kudu suka shiga ɗaure kaya. Ranar da za su tafi Maman Ngozi ta shigo da safe, Emeka a hannunta yana 'yar tafiya. Ta rungume Innarmu suka yi kuka. Sannan ta tsaya nesa da ƙofar Kaka ta ce, "Kaka, za mu tafi. In na yi maka laifi, ka yafe."

Kaka ta ce, "Ba ki yi mini komai ba, 'yar nan. Allah ya kai ku lafiya." Sai ta juyo da fuskarta inda ta ji motsina, tana jira. Ina tsaye jikin randa, taku biyar tsakanina da Maman Ngozi. Na sunkuyar da kai ina wasa da moɗa har na ji ƙarar motar da ta ɗauke su.

Shekaru da yawa na ɗauka tatsuniyar nan a kan girman kai take, a kan yarinyar da ta raina hannun kakarta. Sai da na tsufa, nawa idon ya soma gazawa, na fara aiken jikoki da abin da na saƙa, sannan na gane abin da Kaka ta yi. Kalma ɗaya za ta faɗa ta tsallaken katanga ta wanke kanta, ta dawo da ƙawarta. Ta zaɓi a ɗauke ta matar da ta ƙi abincin maƙwabciya, don kada a ɗauke ni maƙaryaciya, ta bar mini ƙofa a buɗe kusan shekara guda. Ta amince zan shiga, ni kuma ban shiga ba.

Kaka ta rasu ba ta taɓa yi mini gori ba, na kuma roƙe ta gafara ta ce ta daɗe da yafewa. Amma rabin gafarar ba a hannunta yake ba. Ban san garin su Maman Ngozi ba, ban ma san sunanta na yanka ba. Ta tafi da yaƙinin cewa tsohuwar da ta fi ƙauna a Yerwa ta ce mata kada ta sake aikowa, kuma da ta tambaye ni ko Kaka ce ta ce a kawo haka, ni na ce mata e.