Na Guje wa La'adar Dillaliya, Gidanmu Ya Yi Wata Bakwai a Kasuwa

Lokacin da abin nan ya same ni, ni nas ce a wani asibiti da ke tsakanin garuruwan Laurel da Baltimore a Amurka, shekarata goma sha ɗaya da barin Jos. Ina da miji da 'ya'ya mata biyu, da ɗan gidan bene a Laurel da muka saya da guminmu. A wancan zamani gani nake babu takardar Amurka da za ta gagare ni. Ni na cike wa kaina takardun zama, a coci ma duk wanda wasiƙar hukuma ta rikita, ni yake kawo wa. Wannan ji da kan ne ya kai ni ya baro, shi ya sa na ga ya dace in rubuto muku.

Maigidana ya sami aiki a wata jiha can kudu, aka ce ya fara cikin wata guda. Muka shirya shi ya yi gaba, ni in sayar da gidan in biyo shi da yara kafin a koma makaranta. A cocinmu akwai wata 'yar Kaduna da ta girme ni, Anti muke ce mata, dillancin gidaje ne sana'arta. Ta zo ta zagaya gidan, ta sauka har ɗakin ƙasa inda injin wanki yake, ta daɗe tana kallon wani tabon danshi a bango. Ta ce a kira mai gyara ya nemo inda ruwan yake shigowa, kuma dole a faɗa wa mai saye a rubuce. Ta faɗi farashin da take ganin gidan zai tafi, ya gaza wanda na sa a raina. Da ta ce la'ada kashi shida cikin ɗari ce, rabi nata rabi na dillalin mai saye, sai na ji kamar an mare ni. Na ce mata zan yi shawara, a zuciyata kuwa cewa nake wato don kafa allo a ƙofar gida da ɗaukar hoto za ta kwashi wannan kuɗi.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin kamfanonin da ake biya sau ɗaya. Ka ba su 'yan ɗaruruwan daloli, su sa gidanka a babban jerin gidajen sayarwa, wanda dillalai kaɗai ke da izinin sakawa a ciki, daga nan ya bazu a intanet. Na biya a ranar. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, aikinsu a nan ya ƙare. Sa farashi, hotuna, amsa waya, buɗe wa masu dubawa, ciniki, takardu, duk sun dawo kaina. Na sa farashin da raina yake so. Na rage kason dillalin mai saye, don ban ga abin da zai yi mini ba. Tabon danshin nan kuma na sayo fenti na shafe shi, kuma a takardar da ake tambayar ko na san gidan yana da matsalar ruwa, na rubuta ban sani ba. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Aikin awa goma sha biyu nake yi, wayata tana kulle a loka, wato akwatin ajiyar kayan ma'aikata. In na fito sai in tarar da kira biyar ko shida na dillalai masu son kawo mutane cikin awa ɗaya. In na kira su, sai su ce ai sun riga sun kai su wani gidan. An ba ni shawara in rataya akwatin makulli a ƙofa don dillalai su riƙa buɗe gidan da kansu, na ƙi, don ba na son baƙi su shiga ɗakin 'ya'yana ba na nan. Ranakun hutuna suka koma na goge-goge da jira. Sau nawa na kwashi yara muka zauna a mota a bakin titi, wanda ya ce zai zo bai zo ba, ko waya bai yi ba! Da na ga an shiga wata na biyu shiru, na kira kamfanin na tambaye su me ke faruwa. Matar da ta ɗauka ta ce mini, cikin ladabin nan mai ƙona rai, gidan yana cikin jeri kamar yadda aka yi alkawari, in kuma shawara nake so wannan wani tsarin ne daban, da kuɗinsa. Na yi ta faɗa, ta bari na gama, ta karanto mini abin da na sa wa hannu.

A wata na uku wasu mata da miji daga Greenbelt suka taya. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Dillalinsu ya turo takardu masu yawan gaske, na karanta su a tsaye a lokacin cin abinci a wurin aiki, na sa hannu. Suka kawo mai duba gida, ya ɗora wata na'ura a bangon da na shafa wa fenti, ta nuna ruwa. Suka aiko da jerin gyare-gyaren da suke so. Raina ya ɓaci, na ce bari in ja musu rai na kwana biyu kada su ga kamar na matsu. Ashe a cikin takardun akwai wa'adin amsa, kuma na bari ya wuce. Suka janye, doka tana bayansu. Dillalin ya kira ni ya ce in gode wa Allah da aka gano kafin ciniki ya faɗa, don da sun tare sun gani, da lauya ne zai neme ni saboda abin da na rubuta. Ya ce ba zai iya ba ni shawara ba, shi na masu saye ne. A nan na gane cewa tun farko kowa yana da mai tsaya masa, ni kaɗai ce ba ni da kowa.

Aka koma makaranta muna Laurel. Maigidana yana can shi kaɗai a ɗakin haya, in mun yi waya sai mu ƙare da cacar baki. Ƙaramar 'yata ta daina tambayar yaushe za mu tafi wurin Baba, wannan ya fi tambayar ciwo. A layinmu kuma gidajen da banki ya ƙwace suka fara fitowa da araha, kowane mako nawa gidan yana ƙara zama mai tsada a idon mutane. A coci na canja wurin zama don kada mu haɗa ido da Anti.

Ranar wata Lahadi bayan an tashi, na same ta a wurin ajiye motoci. Na gaishe ta.

Ta ce, "Ƙanwata, kullum ina ganin gidanki a jeri. Wata shida ke nan. Me ya hana ki zuwa?"

Na ce, "Anti, kunya."

Ta ce, "To ajiye ta. Amma in zan karɓa, sai an fasa bangon nan an gyara, kuma sai kin rubuta gaskiya."

Haka aka yi. Ta kawo mai gyara, ta kawo mai hoto, ta sa na kwashe rabin kayan falo, ta mayar da kason dillalin mai saye yadda aka saba. Wayar da ta hana ni sakat ta koma kanta. Cikin mako biyar gidan ya tafi, amma a ƙasa da farashin da ta faɗa mini tun farko, don kasuwa ta riga ta sauka. La'adar da na guje wa na biya ta cif, kuma wannan karon na ga aikin da ake biya.

Ba na cewa kamfanonin nan macuta ne. Abin da suka ce za su yi sun yi. Na san wani a Germantown da ya sayar da nasa ta hanyarsu lafiya lau, amma shi daga gida yake aiki, ya san farashin unguwarsa, kuma ya ɗauki lauya ya karanta masa kowane shafi. Ni ba ni da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai taurin kai. Duk mai son bin wannan hanya ya tambayi kansa wa zai ɗauki waya in yana wurin aiki, wa zai gaya masa gaskiyar farashi, wa zai ƙirga masa kwanakin wa'adi. Kuma don Allah kada kowa ya rufe aibin gida da fenti. Kuɗin da na rasa na daina tunaninsu. Abin da bai bar ni ba shi ne, 'ya'yana sun yi fiye da rabin shekara ba su ga mahaifinsu ba, don kawai na ƙi yarda akwai abin da wani ya fi ni sani.