Ranar da Na Aro Jarirai

Ko da zan manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da aka rataya sikeli a gindin tsamiyar Tarai ba. Ana saura kaɗan Turawa su tafi, dattawan Tarai da Unguwar Gai da Rurum suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar kula da yara da masu jego. Hukuma ta ce za ta ba mu madarar gari da ungozoma mai horo, amma ɗakin awo ɗaya za a buɗe. Wata malamar asibiti za ta zo ta auna yaran kowane gari, sannan ta zaɓi inda za a sa shi.

Ni aka naɗa wakilin Tarai, don na yi aji uku a elementare, kuma na shekara biyar ina awon gyaɗa a Rano. To ni abin da na sani game da sikeli ɗaya ne: mai nauyi shi ke cin riba. A bikin nunin amfanin gona ma sa mai ƙiba ake ba kyauta. Na duba yaranmu, na ga duk haƙarƙari a waje. Har da 'yata da aka yaye, ƙafafu kamar sillen kara, ciki ya yi gaba. Na ce a raina, da waɗannan ba za mu ci ba.

Sai na tafi rugar Fulani da ke bayan gari. Na ce da Arɗo ya ara mini jarirai na wuni ɗaya, in bar wa shanunsa karan gonata. Ya dube ni ya ce, "Malam, an taɓa aron ƙwarya a wurina, an taɓa aron bijimi. Jariri kam kai ne farko." Amma ya yarda.

Da na koma gida na ce da matata ta zauna a ɗaki da yarinyar. Ta ce, "Malam, ba don irinta aka kawo abin ba?" Na ce, "Ke me kika sani game da sikeli?" Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Ranar awo na sa aka ɓoye yaranmu a gida, matan Tarai suka jeru, kowace da goyon da ba nata ba, kumatu kamar an cusa musu fura. Iyayen na gaske suna leƙe ta bayan danga. Malamar ta tambayi wata sunan goyonta, matar ta ce, "Ai ba ta da rigima, mace ce mai haƙuri." Aka kwance zane, sai ga namiji. Na yi wuf na ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Matar ko talatin ba ta kai ba.

Duk jaririn da aka ɗora, allurar sikeli sai ta zabura, ni kuma ina gyara hula. Da aka gama, malamar ta rufe littafi ta ce, "Malam, na yi murna. Ban taɓa ganin yara masu lafiya kamar na Tarai ba. Ku ba ku bukatar komai. Unguwar Gai za a kai ɗakin, yaransu duk sun rame."

Na ji kamar tsamiyar ta faɗo mini. Na bi ta har bakin mota ina cewa, "Malama, wallahi ba namu ba ne, aro muka yi!" Ta ce, "Haba Malam, don madara za ka yi ƙarya, ka tsine wa 'ya'yanka?" Rana ɗaya da na faɗi gaskiya, ita ce ba a yarda da ni ba.

A gida matata ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Tunda ka iya aro, je ka aro jaki." Daga nan duk ranar awo ni ke kora jakuna zuwa Unguwar Gai, ɗauke da yaran da na ɓoye da iyayensu. Ina isa matan can su ce, "Sannu da zuwa, mai aron jarirai! Yau na wa ka kawo?" Da damina kuwa, in rafi ya kawo ruwa, sai mu juyo hannu wofi. Akwai yaran da suka sha wuya a wannan daminar saboda ni, kuma na bi gida gida na nemi gafara.

Damina biyu ina wannan jigila, kafin na tashi a taron ƙungiya na faɗi abin da na yi, Arɗo ya ba da shaida. Aka yi dariya har da hawaye, sannan aka yanke cewa sikeli da ungozoma su riƙa zagaya garuruwan uku. Haka aka ci gaba da yi shekaru masu yawa.

'Yata ta rayu, yanzu ita ma kaka ce. Ni dai na koyi cewa in mai taimako ya zo, ciwonka za ka nuna masa, ba kwalliya ba. Kuma in matarka ta yi maka tambaya, ka tsaya ka ji, ko da kai ne ka san sikeli.