Biliyaminu: Ɗan Zafi ko Ɗan Dama

Na karanta sanarwar mutuwa a rediyo ba adadi, kuma yawancinsu sukan fita daga kaina tun kafin in tashi daga kujera. Amma wani suna da aka raɗa a Tawa, a shekarun farko na samun ƴancin kai, shi kam ba zai bar ni ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina Yamai, cikin masu karanta labaru da Hausa. Waya ta iske ni a wurin aiki cewa ƙanwata ta haihu, ɗan ya rayu, ita ta cika. Na hau bayan wani kamyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan gishiri, a tsakiyar bazara, muka bi ta Doso da Dogondutsi da Ƙwanni. Ko da na sauka a Tawa an daɗe da binne ta, an ma fara maganar suna. Ban yi kuka ba. Gajiya ta riga hawaye kama wuri.

Na tarar da gidan a rabe biyu. A cikin gida akwai Inna, mahaifiyarmu, wadda ta zo daga ƙauyenmu na wajen Bambeye, tana rungume da jaririn ba ta ba kowa. A zaure kuma akwai mijin marigayiyar, dillalin raƙuma, mutumin da a kasuwar dabbobi ana jin muryarsa tun daga bakin hanya, ya koma kamar an ɗinke masa baki. Bai taɓa yaron ba, bai ma leƙa fuskarsa ba. Kuma ba kunyar ɗan fari ba ce, domin wannan ne na ukunsu, biyun farko ba su yi rai ba. Tun da suruki ba ya magana da surukuwarsa kai tsaye, sai aikin kai saƙo ya faɗo kaina. Ina shiga, ina fita, kamar ɗan aike.

Inna ta riga ta yanke shawara. Ta ce tana riƙe da hannun ƴarta lokacin da aka nuna mata jaririn, ta dube shi ta ce, "Wayyo, wahalata," daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. A wurin Inna wannan wasiyya ce. Ta aika aka tambayi malamin unguwa ko akwai sunan Musulunci mai ɗauke da wannan ma'ana. Malam ya ce akwai: Biliyaminu, ƙanen Annabi Yusufu, wanda uwarsa Rahila ta rasu wajen haihuwarsa, kuma masu ba da labarin annabawa sun ce sunan da yaren Ibraniyawa yana nufin ɗan zafi, ɗan rashi.

Inna ta ce da ni, "Shi za a sa. In an yanka rago in ɗauki abina mu tahi gida. Tahi ka hwaɗa mai."

Na san abin da tafiyar ke nufi. Inna ta tsufa, ƙauyen babu mai shayarwa a danginmu, awaki sun ƙafe saboda rani. A Tawa kuwa matar wan mijin tana goyo, nono ya ishi biyu. Yaron da za a kai ƙauye a wannan zafi da wuya ya ga damina. Na faɗa wa Inna haka a fili, ta ce Allah ke rayawa. Na fita na faɗa wa uban.

Bai ɗago kai ba. Ya ce da ni, da laƙabin Faransanci da ake kiran ƴan boko, "Mushe, ta tahi da shi. Su kira shi abin da suka ga dama. In na dube shi, mi za ni gani?"

A wurin aiki an koya mana cewa kowace jimla tana da gyara, amma wannan ban ga inda zan kama ta ba. Na koma gindin katanga na zauna.

Ana jajibirin suna, da hantsi, ungozomar asibiti ta zo duba cibiyar yaron. Kirista ce, mutumiyar Dahome, irin ma'aikatan da suka cika ofisoshinmu a wancan zamani. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, don haka ni ke yi mata tafinta da Faransanci. Da ta gama tana wanke hannu sai ta tambaye ni sunan da za a sa. Na faɗa mata. Sai na ga fuskarta ta washe, ta ce madalla, uban nan mai ƙarfin zuciya ne.

Raina ya ɓaci. Na ce mata babu abin madalla a kira maraya ɗan zafi.

Ta tsaya da sabulu a hannu tana kallona. Ta ce ai ba haka ba ne. A littafinsu mai tsarki, in ji ta, sunaye biyu ne. Uwar, tana kan gargarar mutuwa, ta kira yaron Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina. Uban ne, Yakubu, ya ƙi. Ya ce a'a, Benyamin za a kira shi, ɗan hannun dama. Sunan da uwar ta sa bai bi yaron ba, na uban ne ya zauna. Ta goge hannunta, ta ɗauki jakarta ta tafi, ba ta san ta bar mini kaya a ka ba.

Ban ruga wurin kowa da maganar ba. Sana'ata ta hana ni watsa abin da na ji daga baki ɗaya. Na jira har bayan la'asar, lokacin da Malam ya zo zauren yin addu'a, uban yana zaune a lungunsa na kullum. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji wata magana, ina so a auna mini ita." Na faɗi yadda na ji, ban ƙara ba, ban rage ba.

Malam ya yi murmushi ya ce, "Ɗan radiyo, kai da kwashe-kwashe." Sa'an nan ya shiga jan tasbi. Can ya ce, "Abin da ke cikin littahinsu, an hore mu kada mu gaskata, kada mu ƙaryata. Ni abin da na karanta shi na hwaɗa ma tsohuwa, kuma ban janye ba. Amma yarensu da Larabci ɗaki ɗaya suka hito. Bin, ɗa ne. Yamin kuwa dama ce, wannan ko ɗan ƙaramin ɗalibi ya sani. Mutanen yamin su ne waɗanda za a ba littahinsu a hannun dama ranar hisabi. Ban iya ce maka dama ba ta cikin sunan ga ba."

Sai muka ji murya daga lungu, a dushe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

"Malam, shi ma Yakubu matatai ta mutu?"

"Ta mutu."

"Wajen haihuwar yaron?"

"Wajen haihuwatai."

"Kuma ya riƙa shi?"

Malam ya ce, "Riƙo wane iri! Da ƴan'uwan suka so tahiya da shi Masar, sai da tsohon ya sa suka yi mai alkawali da Allah kahin ya sake shi. Wannan kam cikin namu littahi yake."

Uban ya tashi ya ɗauki buta ya fita. Ni kuwa ban sa rai da komai ba. Na ga mutane da yawa sun ji magana mai kyau sun kwana sun tashi yadda suke.

Da safe mutane suka taru, aka raba goro, rago yana ɗaure. Kafin Malam ya buɗe baki sai uban ya ce a dakata. Ya kira ni ya ce in shige gaba. Muka ratsa tsakar gida, mata suna ja da baya, har ƙofar ɗakin da Inna take. Ya durƙusa a waje, kansa a ƙasa, ya ce da ni, ko da yake tana jin kowace kalma, "Ka ce ma Inna ta yi haƙuri, ta miƙo min ɗana. Sunan da ta zaɓa shi za a sa. Amma nan za shi zauna."

Na maimaita, kamar yadda al'ada ta ce. Inna ta ce, "Ni kuma in koma gida da mi?"

Wannan ban kai wa kowa ba, don babu mai amsarta. Na karɓi yaron daga hannunta, ba ta hana ba, ba ta kuma taimaka ba. Na miƙa wa ubansa. Ya karɓe shi a karkace, kamar wanda bai taɓa ɗaukar jariri ba, ya buɗe zanen ya dube shi. Kafaɗunsa suka fara rawa. Muka juya masa baya har ya gama.

Aka raɗa Biliyaminu. Matar wan uban ta shayar da shi, ya rayu. Inna ta koma ƙauye hannu wofi, kuma har ta rasu ba ta yarda da fassarar ungozoma ba. Talle take kiransa, kamar yadda ake kiran yaron da ya rasa uwa, kuma in ta ce Biliyaminu, zafin take nufi. Ubansa kuwa Na-dama yake ce masa, a gida da kasuwa, har sunan ya bi shi zuwa girma. Ban taɓa ƙoƙarin sasanta su ba. Ita ƴa ta rasa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Abin da na koya shi ne, mai mutuwa yana da haƙƙin ya faɗi zafinsa, kuma gaskiya yake faɗa. Amma ba dole ne a rataya wa mai rai wannan kalma ya yi ta yawo da ita ba. Wanda ya rage a duniya shi ke da nauyin sake kiran yaro, ko da bakinsa yana ɗaci lokacin da yake kiran.