Abin da likita ya faɗa da abin da ƙanena ya gaya mini

A lokacin ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Attantane, gona ɗaya muke nomawa da ƙanena tun rasuwar mahaifinmu. Shi ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana jin Faransanci, ni kuwa ƙarfi Allah ya ba ni, kuma ina taƙama da shi. Da ciwon ƙirji ya matsa mini, daga Maraɗi aka tura mu Yamai a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyata. Ta matsematsina suka zura wata siririyar roba, da suka gama suka toshe hujin. Likita ya daɗe yana yi wa ƙanena bayani yana nuna ƙafata. Da muka fito na tambayi ƙanena, ya ce wai zuciya da sauƙi, zafin wurin kuma ba komai ba ne, motsa jiki ne maganinsa.

Kaka ce, gero na zube a gona. Muna isa gida na shiga ɗaukar dammuna muna kaiwa rumbu. Wurin hujin nan yana mini zugi kamar an sa garwashi, ya kumbura, yana bugawa ƙarƙashin hannuna. Wuri ne na kunya, ko uwar 'ya'yana ban nuna wa ba, sai ƙanena kaɗai na gaya wa. Ya ce in gasa da ruwan zafi, har da tsokanata wai tsufa ya kama yaya. Na yi dariya, na ciji haƙori, na ci gaba. Ran da ƙafar ta yi sanyi ta ƙi ɗaukata, a amalanke aka fitar da ni.

Da aka mai da ni Yamai, wata ma'aikaciyar jinya Bahausa ta yi mini faɗa sosai. Ta ce a gabanta likita ya gargaɗi ɗan rakiyata kada in ɗauki kaya mai nauyi, kuma in wurin ya kumbura a kawo ni nan take. Na juya na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce ya ji tsoron kada geron ya lalace a ƙasa, kuma ya san ni da juriya. Wallahi wannan maganar ta fi ciwon yi mini zafi, don ni na goye shi yana yaro.

An yi aiki, an ceci ƙafar, amma har yau jan ta nake yi, noma ya ƙare mini. Don Allah 'yan'uwa, in likita na magana a kan jikinku, ku nemi a faɗa muku da harshenku, kunnenku ya ji, ko da wanda ya raka ku ciki ɗaya kuka fito. Kuma kada kunya ta sa ku ɓoye ciwo. Mutanen gari suna ta cewa in yafe masa, na kuma ce na yafe. Amma in ya shigo gaishe ni da safe ya tambayi ƙafa, sai in ce da sauƙi, ban ƙara gaya masa gaskiyar jikina ba.